Tambaya da Amsa: Mait da Fumfuna a Jikin Shanshani, Kunama da Sauran Ƙwarin Kiwo

Tambayoyin wannan fitowa sun zo ne daga masu ajiye shanshani, kunama, ƙadandoniya da gyare, wasu don sha'awa, wasu don karatu. Kusan dukkansu a kan abu biyu suke: mitsitsin ƙwarin nan dangin kaska da ake kira mait, da kuma fumfuna.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne, ina ajiye da wani babban shanshani a cikin roba. Na ga wasu ɗigo-ɗigo masu launin ƙasa-ƙasa sun taru a bayan kansa da gindin ƙafafunsa, ba sa motsi ko kaɗan. Ƙwai ne ko cuta? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Wa alaikumus salam, Malam. Ba ƙwai ba ne. Mait ne da suka shiga wani mataki na rayuwarsu da masana ke kira haifofus. Iyayensu su ne fararen mait ɗin da ke cin ruɓaɓɓen abinci da fumfuna a cikin ƙasa, tsawonsu bai cika wuce rabin milimita ba. Idan abinci ya fara ƙarewa ko wuri ya yi musu cunkoso, sai wasu daga cikin 'ya'yan su rikiɗe: jikinsu ya yi faɗi ya yi tauri, bakinsu ya daina aiki, su fitar da wasu faya-fayen manni a ƙarƙashin ciki, su manne wa duk wata dabba da ta gifta don ta kai su sabon wuri. Ba sa shan jinin shanshaninka, ba su ma da bakin da za su sha. Hawa kawai suka yi.

Illarsu tana cikin yawansu. Shanshanin dangin Scolopendra yana da ƙafafu 42, kuma yana numfashi ta wasu ƙananan ƙofofi a gefen jikinsa, tara a kowane ɓangare. Mait suna son lungu mai laushi da laima, don haka gefen jikin nan da gindin ƙafa da kewayen baki suka fi taruwa. Idan suka yi kauri sai su toshe ƙofofin numfashi, su hana baki aiki, kuma su dami dabbar a lokacin saɓa, wanda shi ne lokaci mafi haɗari a rayuwarta. Guda ashirin ko talatin a warwatse ba abin tashin hankali ba ne. Idan sun rufe launin fatar a wani wuri, aiki ya same ka.

Ka fara da tabbatar da abin da kake gani. Haska fitila daga gefe, ka jawo hoton da kyamarar waya. Masu manne wuri guda, masu sheƙi, su ne waɗanda muka bayyana. Farare masu dogon gashi da ke tafiya a hankali a kan ragowar abinci da bangon roba, iyayen ne. Jajaye jawur, ɗaya nan ɗaya can, waɗanda suka kafa baki a fata mai laushi, su ne masu shan ruwan jiki da gaske, kuma an fi ganinsu a kan dabbar da aka kamo daga daji. Su ba sa hayayyafa a jikin dabbar, idan sun ƙoshi faɗuwa suke yi.

Sai ka tanadi roba ta biyu mai santsin bango, wadda tsayinta ya fi tsawon shanshanin. Shimfiɗa tishu ninki uku ko huɗu, ka jiƙa kusurwa ɗaya kawai, ka sa murfin kwalba cike da ruwa da wani abin ɓuya mai wankuwa, kamar rabin kofin roba. Ka yi aikin mayar da shi a cikin babban baho, da hantsaki mai tsawon santimita 30 da kofin kifewa. Hannunka kada ya shiga. Shanshani yana da sauri, yana iya hawa hantsaki, kuma cizonsa yana da zafi mai tsanani.

A cikin wannan roba ta jinya ka riƙa canza tishu kullum. Da dare ka sa rabin mataccen gyare a cikin murfin kwalba, da safe ka cire shi ka jefa cikin tafasasshen ruwa. Dalilin wannan tarko shi ne, haifofus yana sauka ne idan ya ji abinci da laima a kusa, sai ka kwashe shi tare da abincin. Ba a rana ɗaya suke ƙarewa ba, kuma buroshi ba ya cire su sosai saboda ƙarfin manninsu, sai dai ka wahalar da dabbar. Kada ka wuce mako ɗaya zuwa biyu a kan tishu. Shanshani ba shi da kakin da ke rufe ɓawon yawancin ƙwari ya hana ruwa fita, shi ya sa yake bushewa da wuri. Su kuwa masu mannin sun fi shi juriyar fari nesa ba kusa ba. Wanda ya ce zai busar da robar ƙayau har mait su mutu, shanshaninsa ne zai riga su.

Tsohuwar ƙasar ka zubar da ita gaba ɗaya. Wanke robar da ruwan zafi da sabulu, ka ɗauraye sosai, ka shanya a rana. Daga nan kada ragowar abinci ya kwana fiye da awa 24, kuma ka leƙa ƙarƙashin abin ɓuya, domin can shanshani yake jan abincinsa ya bar kai da ƙafafu su ruɓe.

Tambaya: Me zai hana a ɗan fesa maganin ƙwari kaɗan a gefen akwatin, ko a shafa man darbejiya tunda na gargajiya ne? Daga wani mai karatu a Gusau.

Malam, kada ka kuskura. Mait 'yan uwan kunama da gizo-gizo ne, kuma hanyar da guba ke bi ta kashe su ita ce take bi ta kashe abin da kake kiwo. Wannan ya haɗa da Sniper da ota-fiya-fiya, da maganin sauro na feshi da na kunnawa, da hodar kaskar kare, da maganin ƙuman kaji. Ko a ɗakin ma kada a yi amfani da su, kuma wanda ya shafa wa kare ko akuya magani ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa akwati.

Man darbejiya yana ɗauke da sinadarin azadiraktin, wanda aikinsa shi ne dagula saɓa. Shi ya sa yake amfani a gona, shi ya sa kuma ba shi da wuri a nan. Toka da sauran hoda masu busarwa suna karce fata su tsotse ruwa. Sifirit a jikin dabba ma haka.

Abu ɗaya mai rai ne ke aiki ba tare da guba ba: wani mait mafarauci mai suna Stratiolaelaps scimitus, wanda aka daɗe ana sayar wa masu lambun rumfa a Turai da Amurka da sunan Hypoaspis miles. Launinsa ruwan ƙasa, yana da sauri, yana zaune a saman ƙasa yana cin ƙwai da 'ya'yan sauran mait. Cokali ɗaya ko biyu na garin da yake zuwa a ciki ya ishi matsakaicin akwati. Idan abincinsa ya ƙare shi ma sai ya ƙare.

Tambaya: Ƙarshen eriyar shanshanina, wato dogayen gashin nan biyu na kansa, ya yi baƙi, yanzu ƙafafu biyu ma sun yi baƙin tabo, ɗaya ta guntule. Ina fesa masa ruwa safe da yamma kamar yadda aka ce. Me ya same shi? Daga wata malama a Jos.

Malama, abin da kika bayyana shi ne ciwon fumfuna, kuma feshin nan na safe da yamma shi ne babban abin zargi. Ƙwayoyin irin fumfuna suna ko'ina a ƙasa da iska. Ba sa tsirowa sai sun sami fata mai jiƙe da iska marar motsi na tsawon lokaci. Idan suka tsiro sai su huda ɓawon, galibi ta wurin da ya ɗan karce ko ta gaɓa mai laushi, shi ya sa abin ke farawa daga ƙarshen ƙafa da eriya, wato wuraren da ke goga jiƙaƙƙiyar ƙasa. Baƙin da kike gani ba launin fumfunar ba ne. Jikin dabbar ne ke tara baƙin sinadarin melanin ya kewaye abin da ya shigo. Don haka tsohon rauni ma yana yin baƙi. Bambancin shi ne, tabon rauni yana tsayawa yadda yake, na fumfuna yana faɗaɗa yana hawa sama. Ki ɗauki hoto duk bayan kwana uku daga gefe guda, ki gwada.

Wurin da mutane suke ruɗewa shi ne, sun ji cewa shanshani yana son laima, sai su toshe ramukan akwati su yi ta feshi har bango ya riƙa zufa. Laimar da yake so a cikin ƙasa take, inda zai haƙa ya shiga, saman kuma ya kasance da iska mai wucewa. Ga yadda ake haɗa su. Zurfin ƙasa ya kai santimita 8 zuwa 10, ƙasa marar taki da marar magani a gauraye da niƙaƙƙen ɓawon kwakwa da ɗan yashi. Ki damƙa a hannu: ta dunƙule amma kada ruwa ya ɗiga. Maimakon feshi, ki tsiyaya ruwa ta kusurwa ɗaya ya gangara ƙasa, kashi ɗaya cikin uku na akwatin ya zama mai danshi, sauran saman ya bushe, dabbar ta zaɓi inda take so. Ki huda layin ramuka a bango biyu masu kallon juna, kaɗan sama da ƙasar, da wasu a murfi. Ramin milimita 2 ya isa, kuma ga ƙaramin shanshani dole ya fi kansa ƙanƙanta, domin inda kai ya wuce jiki zai bi. Ramukan murfi kaɗai ba sa fitar da iskar da ta kwanta a ƙasa. Kwanon ruwa kada ya taɓa bushewa. Zafi tsakanin digiri 24 zuwa 28 ya dace da yawancin na ƙasashe masu zafi.

A ƙasar Hausa dole tsarin ya bi yanayi. A watan Agusta iska da kanta cike take da ruwa, sai a rage zuba ruwa a buɗe duk ramuka. A tsakiyar hunturu laimar iska a wurare irin su Kano tana sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, sai a liƙe rabin ramukan da salatif a ƙara ruwa a kusurwa. Wanda ya bar tsarin hunturu har damina ta shiga, shi ne yake ganin baƙin tabo.

Game da magani: wasu masu kiwo suna ɗiga aidin na wanke rauni, kashi ɗaya a cikin kashi goma na ruwa, da auduga mai tsinke a kan tabon, nesa da baki da ƙofofin numfashi. A kan kunama ko tautau ana iya yin haka. Iyakarsa saman fata ne, ba ya kai wa ga abin da ya riga ya shiga ciki, kuma a kan shanshani riƙe shi ɗin ya fi aidin ɗin haɗari gare ki da shi. Man shafawa na makero ko na ƙyasbi kada ya je kusa, maiƙonsa yana toshe numfashi. Abin da ke warkar da shi da gaske saɓa ce. Idan ciwon ya tsaya a ƙafa da eriya, kika gyara wurin, kika ci gaba da ba shi abinci mai kyau, sabon ɓawo yakan fito da tsabta, ƙafar da ta guntule ta tsiro 'yar siririya, ta cika a saɓa ta gaba. Idan baƙin ya kai gangar jiki ko kewayen ƙofofin numfashi, da wuya ya tashi. Ki ware shi daga sauran, kuma hantsakinsa ya zama nasa shi kaɗai.

Tambaya: Ina da jar kunama ta daji da kuma baƙin duwu. Na sa musu ƙasa iri ɗaya. Jar ta fara baƙi a gaɓoɓin ƙafa, duwun kuma mait sun cika masa ƙarƙashin ciki. Daga wani ɗan'uwa a Maraɗi.

Ɗan'uwa, ƙasa ɗaya ba za ta yi wa waɗannan biyun ba. Kunamun sahara da sahel, irin su Leiurus da Androctonus, an halicce su ne don busasshen wuri, kuma su ne suka fi saurin kamuwa da fumfuna idan aka ajiye su a kan danshi. Ka mayar da ita kan busasshen yashi gauraye da ɗan yumɓu, murfin raga, ƙaramin murfin ruwa sau ɗaya a mako ya kwana ka cire. Ka sani cewa kunama idan ta balaga ta daina saɓa, don haka tabon babba ba zai goge ba, burinka shi ne ya tsaya. Waɗannan jinsunan dafinsu yana kisa, musamman ga yara, saboda haka akwati mai kulle da dogon hantsaki wajibi ne.

Babban baƙin da ake kira Pandinus imperator kuwa ɗan dazuzzuka da ciyayi masu laima na Afirka ta Yamma ne. Daga Gana da Togo da Benin aka fi fitar da shi zuwa kasuwannin Turai da Amurka, har aka sa shi a jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, ta ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji, a 1995 don a sa ido kan cinikinsa. Shi yana son zurfin ƙasa mai danshi, kuma wannan danshi ne ke jawo mait. Huhunsa yana buɗewa ta ƙofofi takwas a ƙarƙashin ciki, huɗu a kowane gefe, daidai inda ka ga sun taru. Ka bi tsarin robar jinya da muka bayyana a amsa ta farko. A kan ɓawo mai tauri, kamar baya da hannuwa, za ka iya taɓa auduga mai tsinke da ɗan basilin kaɗan ƙwarai ka ɗauke su, amma kada maiƙo ya kusanci waɗannan ƙofofi. Idan ƙarami ne mai saɓa, da zarar ya fita ya matsa gefe ka ɗauke tsohon ɓawon da hantsaki, mait da yawa za su tafi da shi. Shi kansa kada ka taɓa shi, kada ka ba shi abinci, sai bayan mako guda ko fiye da ɓawonsa ya yi ƙwari.

Tambaya: Babbar ƙadandoniyata tana da wasu ƙwari masu gudu a tsakanin ƙafafunta. In wanke ta? Daga wata ɗaliba a Kumasi.

Ki bar su, 'yar'uwa. Manyan ƙadandoniyoyin Afirka suna zuwa da nasu mait masu launin ƙasa, masu saurin gudu, waɗanda ke cin datti da ragowar abinci a jikinsu. Haka ma babban kyankyason Madagaska mai huci: mait ɗin da ke jikinsa suna rage fumfunar da ke taruwa a kansa. Alamar da za ki riƙe ita ce motsi. Masu gudu a jikin dabba mai cin abinci da kuzari ba matsala ba ne. Masu manne a kai da baki su ne na damuwa, kuma maganinsu cire kayan marmarin da kika sa kafin su kwana biyu.

Tambaya: Dusar da nake kiwon tsutsar abincin ƙwarina a ciki ta fara motsi da kanta, ga wata ƙura a bakin bokitin. Daga wani mai kiwo a Kaduna.

Malam, nan ne mafarin yawancin matsalar. Mait ɗin hatsi, irin su Acarus siro da Tyrophagus, suna shigowa da dusa tun daga kasuwa, kuma a cikin ɗumi da laima suna kammala rayuwa daga ƙwai zuwa babba a cikin kusan mako biyu. Don ka tabbatar, baza dusa kaɗan a faranti ka shafe samanta sumul, ka dawo bayan minti 15. Idan saman ya yi kaushi, suna ciki.

Ka tankaɗe tsutsar da rariya, ka ɗauraye ta da ruwa mai ɗumi-ɗumi na 'yan daƙiƙu, ka tsane ta a kan tishu. Tsohuwar dusa ka ƙone ta. Sabuwa ka gasa ta a digiri 90 zuwa 100 na minti 30, ko ka sa ta a firiza mai ƙanƙara sosai na mako guda, ta huce ta bushe kafin amfani. Murfi ya zama raga. Karas ko dankali yanka ɗaya siriri, a canza kullum. Waɗannan mait ba sa jure iskar da laimarta ta sauka ƙasa da kashi 60 cikin ɗari, tsutsar kuwa tana jurewa, don haka a nan bushewa magani ce. Shafa zoben basilin a bakin bokitin ta ciki, ka ɗora shi a faranti mai ruwan sabulu, ka nisanta shi daga akwatunan dabbobi. Mai asma ya rufe hanci lokacin tankaɗe, domin ƙurar tana tayar da ita, tana kuma sa ƙaiƙayin fata.

Tambaya: Gyare da farar da nake kiwo suna mutuwa, gawar ta sandare, bayan kwana biyu farin gari ko kore ya rufe ta. Zan iya bai wa kunama waɗanda suka rage? Daga wani mai karatu a Damagaram.

Kada ka ba ta, Malam. Wannan fumfuna ce mai kashe ƙwari da kanta, ba mai bin ruɓa ba. Mai farin garin galibi Beauveria bassiana ce, wadda Agostino Bassi na Italiya ya nuna a 1835 cewa ita ke kashe tsutsar siliki. Koriyar kuma Metarhizium ce. Ƙwayar irin tana manne wa ɓawo, ta tsiro idan laima ta yi yawa, ta narkar da hanya ta shiga, ta cika jiki, bayan mutuwa ta ɓullo waje ta yi sabon iri. Garin da kake gani miliyoyin iri ne. Ƙarfinta ya kai har an mayar da ita maganin fara: shirin bincike na LUBILOSA da aka fara a 1989 ya samar da maganin da ake kira Green Muscle daga wani nau'in Metarhizium da aka samo a jikin fara a Nijar.

Ka ɗauke gawa tun kafin gari ya fito, ka rufe ta da jiƙaƙƙen tishu don kada ya tashi, ka ƙone. Idan mutuwar ta yi yawa, ka haƙura da garken duka. Jiƙa robar a ruwan bilic, kashi ɗaya cikin goma, na minti 10, ka ɗauraye har wari ya fita, ka shanya a rana. Kwalayen ƙwai da suke ɓuya a ciki a ƙone su. Firiza tana kashe mait amma ba ta kashe irin fumfuna, don haka ƙasar lambu sai an gasa ta da ɗan danshi. Duk sabon ƙwaro da ya shigo, na ci ko na kiwo, ya yi kwana 30 a ware.

Tambaya: Shanshanina ta naɗe jikinta a kan ƙwai, ga farar fumfuna ta fito a kan itacen da ke gefe. In kwashe ƙwan in canza ƙasa? Daga wani malamin makaranta a Bauchi.

A'a, Malam, kada ka taɓa komai. Uwar tana riƙe ƙwan sama da ƙasa tana lasar su ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan lasa ce ke hana fumfuna kama su. Ƙwan da aka raba da uwa yakan yi fumfuna ya lalace cikin 'yan kwanaki, uwar da aka dama kuma takan cinye su ko ta watsar. Farin gashin da ke kan itace fumfunar ruɓa ce, itacen take ci, kuma takan fito sosai a sabon akwati ko a ƙasar da aka gasa, sannan ta lafa da kanta. Ka rufe akwatin da ƙyalle mai duhu ba tare da toshe ramuka ba, ka daina ba ta abinci, ka riƙa cika kwanon ruwa a hankali da sirinji ta rami. Itacen ka cire shi bayan 'ya'yan sun yi launi sun fara barin jikin uwar, a lokacin da za ka raba su kowa da ƙaramar robarsa.